Yadda ake ɗanɗana wuskin singil malt na Amurka, irin wanda ake fitar da shi ɗan kaɗan

Kafin in shiga magana bari in share hanya tukuna. Na san mafi yawan masu karanta Hausa Musulmi ne kuma giya haramun ce a wurinsu, ina da abokai da maƙwabta da ko warinta ba sa son ji kuma ina ganin girmansu a kan haka, ba kuma ina kiran kowa ba ne ya fara abin da bai saba ba. Wannan bayani na yi shi ne don wanda dama yana sha, da kuma 'yan'uwanmu da neman abinci ya kawo su nan Amurka suka samu aiki a otal ko gidan cin abinci, aka tsayar da su a bayan kanta, baƙo ya nuna wata kwalba can sama ya ce me ya raba wannan da sauran har kuɗinta ya ninka haka, su yi shiru su rasa ta cewa. Ni ma haka na fara a Denver, kuma sai da na kwana biyu a aikin kafin in gane abin ba wani asiri ba ne, natsuwa yake so da kuma mutum ya yarda da hancinsa.

Shi wannan wuski an daɗe ana yin sa amma sunansa sabo ne a doka. Hukumar TTB mai kula da harajin giya da taba da abin da ake rubutawa a jikin kwalba ta fitar da ƙa'idarsa a watan Disamba na 2024, ta fara aiki ran 19 ga Janairu 2025, bayan masu matatun sun yi shekaru suna bin ta tun da suka kafa ƙungiyarsu a 2016. Ƙa'idar ta ce dole ya zama tsiron sha'ir zalla ba gaurayen masara ko alkama, a tace shi a matata ɗaya tak, komai a yi shi a cikin Amurka, a ajiye shi a gangar itacen oak da ba ta wuce lita 700 ba, kada ƙarfinsa ya haura kashi 80 cikin ɗari lokacin da ya fito daga tukunya, kada kuma ya gaza kashi 40 a kwalba. Tsiro kuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu, duk wanda ya ga yadda ake jiƙa dawa a shanya a rufe har ta fid da ɗan farin baki sannan a busar a niƙa, to ya ga malt, hatsin ne kawai ya bambanta. Sai a zuba wa garin ruwan zafi a tsame ruwan zaƙin, a sa yis ya yi 'yan kwanaki yana tashi, a dafa a kama tururin. Abin da ke ɗigowa fari ne tas kamar ruwa, launi da rabin ƙamshin duk a ganga yake samo su.

To mataki na farko, kada ka buɗe kwalbar. Zauna ka karanta ta gaba da baya, don rabin aikin a nan yake.

Fara da ƙarfi. Za ka ga lamba biyu, ɗaya kaso cikin ɗari ɗaya kuma furuf, shi furuf a Amurka ninki biyu ne na kason, wato furuf 100 kashi 50 ke nan. Irin waɗanda ake fitarwa kaɗan yawanci sun fi na kullum ƙarfi, wasu ma ba a surka su da ruwa ko kaɗan, yadda suka fito daga ganga haka ake ɗura su, sai ka ga kashi 58 ko 60 har sama, wannan lambar ita za ta gaya maka yawan da za ka zuba da yawan ruwan da za ka ajiye kusa. Sai shekaru. In an rubuta shekara 5, ana nufin mafi ƙuruciyar abin da ke cikin kwalbar shekararsa 5 a ganga, ko da an haɗa da wanda ya fi haka. In ka ga kalmar straight, aƙalla shekara 2 ke nan. Kuma don Allah kada ka auna shekarun Amurka da mudun Sikotland. Can sanyi ne da laima, dokarsu ma sai an yi shekara 3 kafin a kira shi wuski, ganga tana rasa wajen kashi 2 cikin ɗari a shekara, abu yana nuna a hankali. A Waco ta jihar Teksas inda matatar Balcones take, zafi yana buɗe itace sanyi ya matse shi, wuskin yana shiga yana fita cikin katakon, a shekara 3 ya ɗauko launin da wani sai ya shekara goma bai samu ba. A nan Denver kuma tudu ne, mita 1,600 da ɗoriya sama da teku, iska a bushe kamar tsakiyar hunturu, ruwa ne ya fi saurin tserewa daga ganga fiye da barasar, shi ya sa ƙarfin ke ƙaruwa maimakon ya ragu. Ka ga ashe garin da aka yi abin yana cikin kwalbar.

Sannan ka nemo dalilin da ya sa aka ce wannan fitowa ta musamman ce, a nan ne nake so ka fi tsayawa. Akwai waɗanda dalilinsu a fili yake. Matatar Westland ta Seattle tun 2016 take fitar da Garryana, wanda wani ɓangarensa ke kwana a gangar wani irin oak da ke fitowa a arewa maso yammacin ƙasar, itacen ba shi da yawa kuma ba a samun sa yadda ake so, dole kayan su yi kaɗan. St. George ta Alameda a Kalifoniya tun shekarar 2000 take fitar da nata rukuni-rukuni da lamba, kowace shekara haɗin gangunan daban. Stranahan's ta nan Denver tana fitar da Snowflake a ƙarshen shekara, kowace fitowa da sunan ɗaya daga cikin manyan duwatsun Kolorado, mutane su kafa tanti a ƙofar matatar su kwana cikin sanyin Disamba don su samu kwalba. Akwai kuma na ganga ɗaya, za ka ga lambar gangar da lambar kwalbar an rubuta da hannu, wannan in ya ƙare ya ƙare har abada don ba ganga biyu da ke fid da abu iri ɗaya. Amma fa akwai waɗanda kwali ne kawai aka canza aka ƙara kuɗi. Na taɓa tara kuɗin wata guda na sayi wata kwalba ta wata ƙaramar matata saboda an ce ɗari kaɗan aka yi, na zo gida na buɗe sai ɗacin katako kamar na tauna fensir, an sa ɗanyen wuski a ƙaramar ganga don ya yi saurin yin ja. Abin ya yi mini ciwo sosai, kuma tun daga ranar in kwalba ba ta faɗi irin hatsi da irin ganga da shekaru ba, ba na sayen ta. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Ka duba ko an ambaci irin gangar. Sabuwar gangar farin oak na Amurka da aka babbake cikinta tana ba da banila da kwakwa da zaƙi irin na alewar madara. Wadda aka taɓa ajiye bourbon a ciki, wato wuskin masara na Amurka, ta fi sanyin hali, tana barin hatsin ya yi magana. Wadda ta zo daga Sifaniya da aka ajiye sheri a ciki, wato wata giyar inabi ta can, irin su Oloroso ko Pedro Ximénez, tana kawo dabino da busasshen inabi da duhun launi. Ka duba kuma ko an ce ba a ƙara launi ba, don doka ta yarda a sa launin ƙonannen sukari in dai an bayyana a jikin kwalba.

Mataki na biyu shiri ne, kuma ba shi da yawa. Kada ka yi wannan aiki da mura, kada ka yi shi bayan ka ci tsire da yaji ko ka tauna goro ko ka goge baki da makilin, ka ba bakinka kamar awa guda. Kada kuma ka yi shi da yunwa, ci abinci mara yaji tukuna. Turare shi ne babban abokin gaba, mu kuwa mutanen turare ne, in an sa turaren wuta a ɗaki ko ka fesa na jiki a wuyan hannu to ranar ta wuce, bari sai gobe. Kofi kuma a samu mai faɗin ciki da tsukakken baki, irin Glencairn da aka fito da shi a Sikotland a 2001, in babu ƙaramin kofin ruwan inabi ya wadatar, amma banda faffaɗan tambulan ɗin nan na ƙanƙara don ƙamshin watsewa yake yi. Shinshina kofin tun yana wayam, in ka ji sabulu ko warin kabad ka sake ɗauraye shi da ruwa zalla. Ajiye ruwan sha mai kyau wanda ba na firji ba kuma ba mai warin maganin famfo ba, da ƙaramin cokali, da farar takarda, da biro da ɗan littafi.

Mataki na uku, zuba. Mililita 20 zuwa 30 ya isa, kamar cokalin cin abinci biyu ke nan. Kada ka raina shi, mililita 30 na mai kashi 60 barasar da ke ciki ɗaya take da ta cikakken awo na mililita 44 na mai kashi 40, wanda shi ne hukumomin lafiya na Amurka ke ƙirgawa a matsayin sha ɗaya. Ka zuba ka ajiye ka bar shi minti goma, abu ne da ya shekara da shekaru a rufe, zafin barasar ne ke fara tasowa, in ka ba shi lokaci sai ya lafa sauran su fito. Cikin wannan jiran ɗaga kofin a gaban farar takarda ka dubi launin, ruwan zuma ne ko na shayi ko ja irin na manja, karkata shi kaɗan ka ga yadda yake gangarowa a jikin gilashi. Kada ka daɗe a nan, launi yana faɗin irin ganga ne kawai, ba ya faɗin daɗi.

Mataki na huɗu shi ne hanci, kuma ni a wurina nan ne ainihin ɗanɗanon yake, harshe zaƙi da ɗaci da tsami da gishiri da ɗanɗano irin na romon nama kawai ya sani, duk sauran aikin hanci ne. Kuskuren da kowa ke yi shi ne ya cusa hanci cikin kofi ya ja numfashi da ƙarfi kamar mai shaƙar furen fulawa, barasar ta ƙone masa hanci hawaye su zo, minti biyar ba ya jin komai. A'a. Riƙe kofin a daidai haɓarka, ɗan buɗe baki, ka yi numfashi yadda ka saba, sannan ka riƙa ɗago shi a hankali har inda ka fara jin yaji, to nan ne iyakarka, ja baya kaɗan. Shaƙa gajere-gajere sau biyu ko uku ka kawar da kofin. Gwada ƙofar hanci ta dama sannan ta hagu, za ka yi mamaki ɗaya ta fi ɗaya ji. In hancin ya gaji shinshina lanƙwasar hannunka inda ba turare, warin jikinka ne zai mai da shi daidai.

Kada ka nemi komai lokaci guda, bi su ɗaya bayan ɗaya. Fara neman hatsi. Kowa ya san ƙamshin Maltina in an fasa kwalba, wannan zaƙi-zaƙin na tsiron sha'ir, shi za ka nema a ƙasan komai. Da yawa cikin masu yin singil malt a Amurka daga sana'ar giyar kwalba suka fito, sun zo da ɗabi'ar gasa tsiro har ya yi duhu, Westland alal misali tana haɗa tsiro iri biyar har da wanda aka gasa ya yi baƙi-baƙi, don haka in ka ji cakulan ko kofi ko gasasshiyar gyaɗa da ta ɗan kama, sau da yawa daga hatsin ne ba daga itace ba. Wannan yana cikin abin da ya fi raba su da na Sikotland kuma shi ne abin da na fi so game da su. Bayan hatsi nemi 'ya'yan itace, wannan aikin yis ne, ayaba da ta nuna sosai, ɓawon lemo, tuffa, wani lokaci har gwanda. Sannan itace, banila, kwakwa, kirfa, kanumfari, masoro. Na ƙarshe hayaƙi in akwai. McCarthy's ta Oregon, wadda ta fara fitowa a 1996 kuma ake ɗauka ita ce ta buɗe hanyar singil malt a Amurka, da sha'ir ɗin Sikotland ake yin ta wanda aka busar da hayaƙin baƙar ƙasar fadama da suke haƙowa su ƙona, warinta kamar toka da magani. Su kuma Del Bac ta Tucson da Colkegan ta Santa Fe da itacen meskit suke busar da tsiro, ɗan'uwan ƙirya ne, ranar da na fara shinshina ɗaya daga cikinsu ban ga komai a idona ba sai tukubar mai tsire da daddare lokacin da garwashi ya fara mutuwa kitse yana ɗiga a kai.

Wannan ya kawo ni ga abin da na fi so ka riƙe. Takardar jikin kwalba za ta lissafa maka 'ya'yan itatuwa da kayan zaƙi da wataƙila ba ka taɓa ci ba, kada ka tilasta wa hancinka ya ji abin da bai sani ba, kuma kada ka haddace nasu ka riƙa maimaita wa baƙi. Ƙamshi da tunawa tare suke tafiya. In abin da ya zo maka shi ne tuwon madara, rubuta tuwon madara. In dabino ne da ya kwana a aljihu, ko tsamiya da aka jiƙa, ko ƙuli-ƙuli mai zafi, ko fatar da aka jeme a rumfar dukawa, ko ƙasa da ruwan farko ya taɓa, rubuta hakan. Wata rana wani dattijo ya tambaye ni me nake ji a wani wuski da ya kwana a gangar sheri, na ce dabino da kanumfari da ɗan tsamin tsamiya, ya ce mene ne tsamiya, na kwatanta masa, ya koma ya shinshina ya yi shiru can ya ce lallai akwai wani tsami da ya daɗe yana ji bai san sunan da zai ba shi ba. Mu da muka tashi cikin kasuwar kayan yaji muna da rumbun ƙamshi da ba kowa ke da shi ba.

Akwai wata 'yar dabara kuma, ɗiga ɗigo ɗaya a tafin hannu ka murza har ya bushe ka rufe hanci da tafukan, barasar ta tafi sai hatsi da itace tsantsa.

Ka san kuma warin da ke nuna matsala. Warin ashana da aka ƙyasta ko roba ko dafaffen ƙwai da ya kwana, wannan farar wuta ce, takan zo daga wasu gangunan sheri, kaɗan wasu na so amma in ya rufe komai aibi ne. Warin maganin goge jan farce mai tsinin nan alamar ƙuruciya ce ko ba a yanke farkon tatar da kyau ba. Warin jiƙaƙƙen kwali ko ɗaki mai danshi kuma yawanci marfin toshiyar ne ya lalace, irin wannan ka mai da ita shagon da ka saya da rasit ɗinka.

Mataki na biyar, baki. Kurɓin farko ɗan mitsitsi ne, kamar ka jiƙa harshe, kuma kada ka yanke hukunci da shi don zafi kawai za ka ji, na sabo ne. Jira kamar rabin minti. Kurɓi na biyu ka riƙe shi a baki wajen daƙiƙa goma, ka juya shi a hankali ya taɓa gefen harshe da dasashi da ganɗa, kada ka kuskure baki da shi. Abu uku za ka lura da su. Na ɗaya jiki, tsararo ne kamar ruwa ko yana da kauri da maiƙo yana lulluɓe harshe. Na biyu tafiya, me ya fara zuwa me ya biyo baya, wuski mai kyau yana canzawa a baki, ya fara da zuma ya koma citta ya ƙare da ɗacin cakulan, mara kyau kuwa abu ɗaya zai faɗa ya yi shiru. Na uku ko abin da hanci ya yi alkawari baki ya cika, wani ƙamshi kamar me amma a baki fanko. Ka bambance yaji da ƙuna, yaji irin na citta da masoro daɗi ne yana zama a harshe, ƙuna kuwa a maƙogwaro take tana kankare shi. Sai bauri, irin wanda ɗanyar kanya ke bari baki ya bushe ya tattare, wannan daga itace ne, kaɗan yana riƙe zaƙi kada ya gundure ka, Garryana ma an san itacensa da shi tare da duhun zaƙi irin na maɗi da kanumfari, amma in baurin ya kai ka ji kamar ka tsotsi katako to ganga ta ci wuskin.

In wurin aiki ne ko za ka gwada kwalba fiye da biyu, tofarwa ba abin kunya ba ne, masu sana'ar haka suke yi, ajiye wani kofi don haka. In ka haɗiye ko ka tofar, rufe baki ka fitar da numfashi ta hanci a hankali, nan wani sabon ƙamshi zai taso daga baya wanda ba ka ji a kofi ba. Sannan ka yi shiru ka ƙirga, ɗanɗanon ya ɓace nan take ne ko yana nan bayan minti guda, kuma abin da ya rage mai daɗi ne ko ɗaci ne kawai. Ni a nan nake gane kwalbar da ta ci kuɗinta.

Mataki na shida, ruwa. Wasu za su ce maka namiji ba ya surka wuski, kada ka saurare su, masu haɗa wuski a matata kan surka shi har ya sauko wajen kashi 20 in suna aikin shinshinawa. A 2017 wasu masana kimiyya biyu a Suwidin sun nuna cewa in an ƙara ruwa, wani sinadarin ƙamshi mai suna guaiacol yana tasowa saman kofi inda hanci zai same shi. Amma da ɗigo ake farawa, uku ko huɗu daga bakin cokali, ka juya kofin ka jira minti guda ka sake shinshinawa ka kurɓa. In ya buɗe, 'ya'yan itace suka fito zafi ya kwanta, ƙara kaɗan ka gani. In ka ji ya fara yin salam to ka wuce gona da iri, rubuta inda ya fi daɗi don gaba. Ga lissafi mai sauƙi, mililita 30 na mai kashi 60 in ka ƙara masa ruwa mililita 10 ya dawo kashi 45. In ka ga ya yi hazo-hazo bayan ruwa kada ka tsorata, alama ce ba a tace maiƙonsa da sanyi ba, kuma wannan maiƙon shi ke ba shi jiki. Ƙanƙara kuwa ka bar ta sai wata rana, sanyi yana kulle ƙamshi yana kashe harshe, in ka riga ka san wuskin ka sha yadda ranka ke so.

Mataki na bakwai shi ne wanda mutane ba sa son yi saboda yana iya ɓata musu rai. Samo kwalbar kullum ta matatar nan ɗaya, wadda ke kan kanta ko yaushe, ka sa wani ya zuba maka ita da ta musamman a kofi biyu iri ɗaya ya yi alama a ƙasa ba ka gani ba. In ƙarfinsu ya bambanta surka mai ƙarfin ya zo kusa da ɗayan, in ba haka ba mai ƙarfi kullum shi zai yi kamar ya fi. Bi matakan nan duka a kan kowanne ka rubuta kafin ka duba alamar. Wani lokaci bambancin kamar dare da rana ne ka ji daɗin kuɗin da ka kashe, wani lokaci kuma ta kullum ɗin za ka zaɓa, kuma gara ka sani. Kuɗi da layin da aka bi da lambar da aka rubuta da hannu duk suna shiga kai su canza abin da harshe ke ji, ni kaina sai da na fara wannan gwaji na ga yawan abin da ido ke ɗora wa baki.

A littafin ka sa kwanan wata, sunan kwalba da lambar rukuni ko ganga, ƙarfi, abin da hanci ya ji kafin ruwa da bayan ruwa, baki, abin da ya rage, sannan tambaya ɗaya, zan sake saya a wannan farashi ko a'a. Kada ka rufe shafin a daren farko, ni dai sau da yawa in na koma wa kwalba bayan sati biyu nakan same ta ta sake, ko ita ce ta sha iska ko ni ne ranar bakina ya fi kyau, shi ya sa sai na zauna da ita sau uku kafin in ce ga matsayinta.

Ajiya ba wuya. A tsaye ake ajiye wuski ba a kwance ba, ƙarfin barasar yana cin toshiya. Nesa da rana da zafin kicin. Ba ya ƙara nuna a kwalba, shekara 5 da aka rubuta ko ya yi shekara ashirin a kabad 5 ɗin ce. In ya rage kamar kashi ɗaya cikin uku iska ta yi yawa a ciki ƙamshi zai fara dushewa, juye shi a ƙaramar kwalba mai tsabta ka toshe da kyau. Kuma kada ka sayi irin waɗannan kwalabe a hannun wani a Facebook ko a bayan mota, a yawancin jihohi doka ta hana sayar da giya ba lasisi, ga kuma masu tara tsofaffin kwalabe su ɗura wani abu su liƙe, ba ka san me za ka zuba a cikinka ba.

Maganar lafiya kuma ba ta wasa ba ce ɗan'uwa. A Amurka sai mai shekara 21, in kana bayan kanta duba katin shaida aikinka ne kuma kai za a kama in ka yi sakaci. Wanda ya ɗanɗana kada ya taɓa sitiyari, ko da yana jin garau yake. Mai juna biyu, mai ciwon hanta ko gyambon ciki, wanda ke shan magani irin su Flagyl ko maganin barci, duk su bar shi gaba ɗaya. Wanda kuma ya san in ya fara ba ya iya tsayawa, wannan bayani ba nasa ba ne, ya nemi taimakon likita, na ga abin da giya ta yi wa mutanen da nake ƙauna kuma tsadar kwalba ba ta canza abin da ke cikinta.

Abu na ƙarshe, in ka gama kada ka wanke kofin. Ɗora masa ɗan faranti ko kati a baki ka bar shi a kan tebur ya kwana. Da safe kafin ka sha shayi ɗaga murfin ka shinshina, barasar ta tafi gaba ɗaya, abin da ya manne a gilashi kawai ya saura, a nan za ka ji gangar ƙarara, wani busasshen katako da zuma, wani taba da fata, wani toka mai sanyi. Ɗauko littafin ka ƙara wannan layin a ƙasan na jiya, sannan ka ɗauraye kofin da ruwan ɗumi ba sabulu ka kife shi ya bushe.